Halilu Foto da Duhun Zaure

A Zangon Kwatano, in ka ga an fito da kujera ƙofar gida ranar Sallah, maigida ya hakimce a kai cikin babbar riga, to Halilu Foto ake jira. Ba masu hoto ne suka ƙare a garin ba, wayar hannu kuwa har mai tallan ruwa tana da ita. Amma a kafa aparai, wato kyamara, mai ƙafa uku ya dubi bakin zauren mutum kai tsaye, wannan Halilu kaɗai ake bari. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Shekara da shekaru yana ɗaukar ƙofofin Zango, ba a taɓa ganin cikin gidan kowa a hotonsa ba. Maigida ya fito tas, jikoki su fito tas, ragon layya ma ya fito da ƙahonsa, ƙofar da ke bayansu kuwa baƙa ƙirin. Tsofaffi suka ce aparan Halilu yana da kunya. Da wannan yardar ya ci ya sha, da ita ya aurar da 'ya'ya, kuma ita ce ya tashi zubarwa da hannunsa bayan furfura ta fito masa.

Ba gadon hoto ya yi ba. Ubansa direban kamiyo ne, babbar motar kaya, mai bin hanyar Parakou zuwa Yamai, burinsa ɗan ya gaje shi a sitiyari. Ina! Yaro ya tashi da cutar son ganin cikin abu. Rediyon gidan ya kwance shi don ya ga inda mai labarai yake zaune, tocilan uwarsa ma bai tsira ba. Da uban ya gaji da sayen abin da aka kwance, sai ya kama hannunsa ya kai shi unguwar Ganhi wurin wani Bayarabe mai sutudiyo, ya ce ga shi nan, tunda leƙe-leƙe yake so, a koya masa irin wanda ake ci da shi. A can ya koyi wankin hoto a ɗakin duhu, ya ɗauki fuskokin ma'aikatan banki don katin shaida har ya gaji da ganin kwat, ya kuma tsinci Faransanci irin na kasuwa, mai tafiya da ƙafa ɗaya. Da maigidan ya yaye shi, sai ya dawo Zango ya kama ɗan shago kusa da masallaci.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai tun yana koyo. Mutanen Zango baƙaƙe ne, ranar ado fari suke sawa, hasken ranar Kwatano kuma bai san wasa ba. Shi kuwa aparai ba ya iya riƙe fari da baƙi a lokaci guda. In ka auna don fuska ta fito, rigar ta ƙone, aikin da maɗinki ya ɓata wata yana yi ya koma farin fili kawai. In ka auna don aikin riga ya fito, fuskar Alhaji ta koma gawayi, sai haƙora. An sha dawo masa da hoto. Wannan ya ce ina aikin wuyan rigata, wancan ya ce ina idanuna. Duhun ƙofar nan da ake yabonsa a kai ma daga nan ya samo asali. Ba kunya ba ce, gazawa ce, kuma ya sani sarai. In an yabe shi sai ya yi murmushi ya karɓa, amma a ransa haushi yake ji. Idon mutum yana ganin riga da fuska da cikin zaure duk a kallo ɗaya, don me ƙarfen da aka saya da tsada zai kasa?

Amsar ta zo masa daga hannun Kader, maƙwabcin shagonsa mai sayar da wayoyi. Wata rana Kader ya ɗauki bakin titi da sabuwar waya, ya miƙo masa don neman magana. Tonton yake ce masa, wato kawu.

"Tonton, ku duba nan. Sana'arku ta mutu, sai dai ku koma sayar da shayi."

Halilu ya karɓa da niyyar kushewa, sai ya ƙura wa hoton ido. Ga sama da gajimarenta, ga farin bangon masallaci bai ƙone ba, ga kuma mai shayi zaune can cikin inuwar rumfa, har ana karanta rubutun gwangwanin madararsa. Ya tambayi sunan abin. Kader ya ce haruffa uku ne na Turawa, HDR, shi dai abin da ya sani in ya danna hoto yana kyau. Halilu ba mutumin da za a sallama da "yana kyau" ba ne. Ya yi ta tambaya, ya yi ta kallon bidiyon masu koyarwa da Faransancinsa mai ɗingishi, har ya gano sirrin, sirrin kuma ya ba shi dariya don sauƙinsa. Ashe hoto uku ake ɗauka a jere ba tare da an gusar da aparai ba. Ɗaya mai duhu don sama da farar riga, ɗaya tsaka-tsaki don fuska, ɗaya mai haske sosai don abin da ke cikin inuwa. Sai kwamfuta ta tsinci mai kyau daga kowanne ta ɗinke su wuri guda. Ya gwada da nasa babban aparan, ya ga ya fi na wayar Kader nesa ba kusa ba. Ya raɗa wa abin suna haɗin uku, kuma har yau haka ake ce masa a Zango.

Sharaɗinsa ɗaya ne, kada kowa ya motsa tsakanin ɗauka ukun. Duk abin da ya motsa sai ya fito sau uku, dishi-dishi. Mai zemijan, wato ɗan acaɓa, da ya gitta da babur ɗinsa ya fito da kai uku, akuya ta fito da ƙafafun da sun ishi garke. Shi ya sa kafin ya danna sai ya ɗaga yatsa ya ce, "A daskare."

Ranar da ya fara haɗa hoton wani dattijo, ya ga zaren aikin riga ɗaya bayan ɗaya, ya ga kuma fuskar da hasken idonta, sai da ƙwalla ta cika masa ido. Abin da ya nema tun yana saurayi ke nan. Da ya tsaya nan, da babu labari.

Amma a jikin kwamfutar akwai wani ɗan layi da ake ja don a ƙara ƙarfin haɗin. Ya ja kaɗan, abu ya yi kyau. Ya ƙara ja, abu ya yi ban mamaki. To, daga nan fa hannu ya saba, kamar mai miyar da ta gano daɗin magi. Kowace sama a hoton Halilu ta koma ta hadari, ko da ranar ko gajimare ɗaya babu. Bangon da aka yi wa fenti jiya ya fito kamar an yi gobara a gidan. Kowane kai sai ka ga wani farin zobe ya kewaye shi. Fuska kuwa, duk wani ƙurji da ka manta da shi tun kana yaro sai ya dawo ya gaishe ka. Samarin kasuwar Missèbo masu dilar gwanjo suka yi ca a kansa, don tsohon wando in ya bi ta haɗin uku sai ya yi kama da na kanti. Ya je bakin ruwa a Placodji ya ɗauko jiragen masunta, suka fito da launin da mai fentinsu bai taɓa saya ba, ya buga su manya ya rataye a shago. Mutum mai jikoki ya koma yaro da sabon abin wasa.

Matarsa Mamata ta leƙa shagon wata rana, ta daɗe tana duban bango, sannan ta ce, "Malam, su waɗannan mutanen naka suna wanka kuwa?" Wata tsohuwa ta dawo da nata hoton ta ce ya cire mata tsufan da Allah bai ba ta ba tukuna. Halilu ya ce ba su waye ba ne. Shi abin da yake gani kawai shi ne babu sauran wurin da ya gagare shi, haske ko duhu.

Ana cikin haka Babbar Sallah ta matso, ta farko tun da ya kamu da haɗin uku.

Gidan da yake fara zuwa kowace Sallah shi ne na Baba Abdulwahid, tsohon mai kamiyoyi, ubangidan mahaifinsa. A gidan nan Halilu ya ci tuwo yana yaro, don haka ɗan gida ne. Hoton Sallar kuma ba don bango ake yinsa ba, don Labiba ake yi, 'yar farin Baba, wadda aure ya kai Gabon. Labiba ta daɗe tana neman haihuwa. Ciki ya sha shiga yana zubewa, sai a wannan karon ya zauna har ya tsufa, likita kuma ya hana ta tafiya, ya hana ta duk abin da zai tayar mata da hankali.

Saura 'yan makonni Sallah, mahaifiyarta Hajiya Yalwa ta faɗi a madafa. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Dangi suka zauna suka yanke cewa ba za a gaya wa Labiba ba sai ta sauka lafiya. Haka ake yi, ba a jefa wa na nesa mugun labari ta waya, balle mai tsohon ciki. Ɓoyewar ma ba ta yi wuya ba, don Hajiya irin matan da ne masu kunyar 'yar fari. Tun da ta haifi Labiba ba a taɓa jin sunan a bakinta ba, sai dai ta ce "waccan", da aka yi auren kuma ta koma "ta Gabon". In waya ta zo, sai ta ce a ce tana gaisuwa, ta tashi ta shige madafa. Hoto kuwa ba ta tsayawa, in ban da na takardu, wanda ta fito a ciki kamar an kama ta da laifi. Saboda haka rashin jin muryarta da rashin ganinta a hoton Sallah ba za su sa Labiba zargin komai ba.

Ɗakin Hajiya zafi gare shi, sai aka dawo da shimfiɗarta cikin zaure, inda iskar teku take ratsowa. Ƙanwar Labiba, Rukaiya, ita ke jinyarta.

Ranar Sallah da hantsi, bayan an sauko daga idi, Halilu ya kafa ƙafa uku. Baba ya zauna a kujera cikin farar shadda, ya yafito shi da hannu.

"Ka san halin da ake ciki."

"Na sani, Baba. Allah ya ba ta lafiya."

"Amin. Ta Gabon ba ta sani ba."

"Na sani, Baba."

Daga cikin zaure Rukaiya ta ce, "Baba, in saki labule?"

"Bar ta ta sha iska. Aparan Halilu ne."

Halilu ya leƙa ɗan gilashin bayan aparai, ya ga ƙofa baƙa kamar kullum. Ya ɗaga yatsa, ya ce a daskare, ya danna sau uku. Da ya koma shago ya haɗa, idonsa na kan abin da yake so. Ya dubi sama, ta yi hadarin da babu. Ya dubi shadda, kowane zare ya tashi. Ya dubi gemun Baba, ana iya ƙirga shi. Ya ja layin nan har ƙarshe, ya yaba wa kansa. Ƙofar kuwa bai ko kalle ta ba, don ido ya riga ya saba cewa babu komai a wurin. Ya tura wa Labiba kai tsaye kamar yadda yake yi kowace shekara, ya rataya aparai ya nufi gida na gaba.

Washegari da safe, yana buɗe shago, waya ta yi ƙara. Lambar Gabon ce. Suka gaisa, ta yi masa barka da Sallah, ta tambayi Tanti Mamata da yara. Sannan ta ce, cikin murya a kwance, "Tonton, wa Rukaiya take ba abinci a baki?"

Bai gane ba. Ya kunna kwamfuta, ya buɗe hoton, ya ja ƙofar ta cika gilashi. Zauren Baba Abdulwahid ne a buɗe kamar an cire masa rufi. Ga katifa a ƙasa, ga Hajiya kwance babu ɗankwali, baki a karkace, hannu ɗaya yashe a gefe. Ga Rukaiya durƙushe da kwano da cokali. Har ledar magunguna da ke rataye a ƙusa ta fito. Ƙarfin da ya ƙara wa haɗin kuma ya bi fuskar tsohuwar ya tsattsage ta, ya zurma idanun, ya mayar da ita kamar wadda ta riga ta tafi.

Abin da Halilu bai taɓa tunani ba shi ne, na nesa ba ya kallon hoton gida irin kallon na kusa. Na kusa ya dubi fuska ya ce ta yi kyau, ya wuce. Na nesa sai ya sa yatsa biyu ya buɗe kowane lungu, ya ga ko an sake fenti, ko tulun nan yana nan, ko takalmin wa ke bakin ƙofa. Shekaru Labiba tana buɗe ƙofar nan tana samun baƙi, sai bana.

Tsoro ya kama shi, ba na kansa kawai ba. Cikin da aka yi shekaru ana roƙo, ga shi ya jefe shi da hannunsa. Ya fara kame-kame, ta katse shi.

"Kada ku yi mini ƙarya, Tonton. Tana da rai?"

"Tana da rai. Wallahi tana da rai. Kuma ba ta kai yadda kika gani ba, ni ne na ɓata hoton."

"Tana gane mutane?"

"Tana gane kowa. Maganar ce kawai babu."

Ya ji ta tana kuka a hankali. Da ta natsu sai ta ce kada ya gaya wa Baba. Ta ce sun rufe ta ne don suna sonta, in suka san ta sani, jinya za ta zame musu biyu, ga ta gida ga fargabar ta Gabon. Ta ce ita za ta kira Baba ta yabi hoton, ta roƙe shi a riƙa ɗauko mata shi kowace Juma'a in ya dawo masallaci.

"Ku dai ku bar mini ƙofar a buɗe," in ji ta.

Haka kuwa aka yi. Kafin azahar saƙon Baba ya iso shago, wai ta Gabon ta ji daɗin hoto, daga yanzu kowace Juma'a ya zo. Tsoho har da fara'arsa.

Halilu ya rasa inda zai sa kansa. Na farko kuskure ne, Allah ya gani. Amma ya koma ya kafa aparai yana sane, ya ɗauki matar mutane kwance a cikin gidanta ba da saninta ba, wannan sata ce, kuma satar a gidan da ya ci tuwo. In kuma ya mayar da ƙofar baƙa, ya bar mai ciki da waccan mummunar fuskar a ranta har ta haihu. Ya juya abin ya sake juyawa, ya ga mutum ɗaya ne ke da ikon yanke wannan magana, kuma ba Baba ba ne.

Ranar Alhamis da la'asar ya sayi lemo ya tafi dubiya. Ya yi sallama, ya durƙusa daga bakin katifa. Da Rukaiya ta shiga ciki ɗebo masa ruwa, sai ya sunkuyar da kai ya yi ƙasa da murya.

"Hajiya, na yi ɓarna. Aparan nan nawa yanzu yana gani cikin duhu. Hoton Sallah ya nuna ku, ta Gabon ta gani. Tana lafiya, cikin ma lafiya. Ta ce kada a gaya wa Baba. Tana so ta riƙa ganinku duk Juma'a. In ba ku yarda ba, gobe ku sa a saki labule, ni kuma ba zan sake ba."

Tsohuwar ta dube shi da ido ɗaya mai kyau, kallon da ya tuna masa ranar da ya kwance mata agogon bango. Sannan ta juyar da kai ta fuskanci bango. Ya sha ruwan Rukaiya, ya tashi, ya tabbata gobe zai tarar da labule.

Juma'a bayan an sauko, ya tarar da Baba a kujera, labule kuma a ɗage. Ya leƙa gilashi, ƙofa baƙa. Bai san ko yarda ba ce ko kuwa ta kasa sa a saki ne. Ya ce a daskare, ya danna sau uku, ya naɗe kayansa ya koma shago.

Wannan karon ƙofar ya fara dubawa. Da haɗin ya gama, sai duhun ya buɗe a hankali. An jingina Hajiya da matasai, tana zaune. An ɗaura mata ɗankwali na atamfa mai ruwan goro, an sa mata kwalli. Ko ta yaya ta fahimtar da Rukaiya tana son ado ranar Juma'a, oho. Tana duban aparai kai tsaye, matar da ba ta taɓa tsayawa hoto don son ranta ba. Hannunta na hagu, mai lafiyar, ba ta daskarar da shi ba. Ya fito sau uku, ɗaya a kan cinya, ɗaya a tsakiya, ɗaya a sama da tafi a buɗe.

Kwamfutar tana da wurin da ake dannawa ta goge irin wannan, ta bar hannu ɗaya. Halilu ya kai yatsa, ya janye. Sai ya koma kan layin nan nasa. Ya ja shi baya, tsattsagewar fuskar ta ragu. Ya ƙara ja baya, idanun suka dawo na Hajiya Yalwa da ya sani, mai faɗa, mai ba yaran unguwa ƙanzo. Ya tsaya daidai inda ake ganinta kuma ita ce. Ya lura sama ma ta koma sama, gemun Baba ya koma gemu. Ya tura. Labiba ba ta kira ba, ba ta rubuta komai ba, sai can da yamma saƙo ya shigo, kalma biyu, na gode.

Haka aka yi ta yi. Baba yana zama a gaba yana gyara hula, yana jin daɗin 'yarsa tana son ganinsa, a bayansa kuma uwa da 'ya suna ganawa ta cikin duhu. Wata Juma'ar ɗankwali kore, wata shuɗi. Wata Juma'ar hannun bai tashi sosai ba, Halilu ya tura haka nan, don ya yi alkawarin ba zai ƙara ba kuma ba zai rage ba. Samarin Missèbo suka fara ƙorafi wai hotunansa sun daina tashi, ya ce su je wurin Kader.

Labiba ta sauka lafiya, mace. Da aka kawo wayar kusa da kunnen Hajiya ta ji kukan jaririyar, sai ta rufe ido, hawaye ya bi ta gefen da ya shanye. Bayan suna Baba ya kira 'yarsa, ya yi ta kewaye-kewaye irin na manya, jiki ya ɗan motsa, ana dai magani, a yi ta addu'a. Ita kuma ta yi salati kamar yau ta fara ji. Ba ta kai ga gama wankan jego ba Hajiya ta rasu.

A zaman makoki asirin ya fito. Labiba ta iso da jaririya a baya, mata suna yi mata jaje cewa ba ta samu ganin mahaifiyarta ba, ita kuma ta kasa daurewa ta ciro waya. Waya ta bi hannu, kafin magariba duk Zango ta ji cewa aparan Halilu yana gani cikin zaure. Wasu suka ce Allah ya yi masa albarka. Wasu suka koma gida suka ciro hotunan Sallarsu suna buɗe ƙofa da yatsa biyu, kuma akwai waɗanda suka ga abin da ba su so ba. Gidaje da dama ba su sake kiransa ba. Inda ake kiransa kuma, tun daga nesa yake jin ana cewa, "A saki labule, ga Halilu." Ba da faɗa ake faɗa ba, wani lokaci ma da dariya, amma duk sanda ya ji sai abin ya soke shi.

Baba Abdulwahid ne bai ce komai ba, shirun kuma ya fi damun Halilu. Sai bayan sadakar arba'in, wata safiya, ya ga tsohon a bakin shago yana dogara sanda. Ya tashi da sauri ya ba shi kujera, ya durƙusa.

"Ina zaune a ƙofar gidana ina tsammani bayana duhu ne," in ji Baba.

"Na yi laifi, Baba. Ku yafe mini."

"Nuna mini."

Ya buɗe masa hotunan ɗaya bayan ɗaya. Da suka zo kan na Sallah, tsohon ya kawar da kai ya ce wannan a goge shi, ranar ba a yi hadari ba, ita ma ba haka take ba. Da suka zo kan na Juma'ar farko, ya matso da kujera. Ya daɗe yana kallo, ya kai yatsa kusa da gilashin bai taɓa ba.

"Wannan hannu uku fa?"

"Motsi ta yi, Baba. Ana iya gyarawa ya koma ɗaya."

"Wa ya ce ka gyara?" Ya sake duban hannun. "Tun da aka haifi yarinyar nan ban taɓa ganin ta ɗaga mata hannu ba. Ko ranar da za a kai ta Gabon, madafa ta shige." Ya share ido da bakin rawani. "Wanke mini shi babba. Ni ka rage ni in kana so, ni ana ganina kullum."

Halilu ya wanke, ya sa a gilashi, ya kai masa da kansa. A cikin zaure Baba ya sa aka rataye shi, ba a falo ba.

Da Sallah ta zagayo, Halilu ya fara da gidan kamar kullum. Duk layin an saki labule, ban da nan. Baba ya zauna cikin farar shaddarsa, ya rame, hular ta yi masa yawa. Halilu ya kafa ƙafa uku, ya leƙa gilashi, ya ga ƙofa baƙa. Ya ɗaga yatsa zai ce a daskare, sai tsohon ya girgiza kai.

"Ɗauki ɗaya kawai, Halilu. Ba sai ka buɗe ba, babu kowa a ciki."

Ya danna sau ɗaya.